Titin Ƙwallon Gilashi: Wasan da Ke Koyar da Kimiyya da Injiniyanci

Bari mu fara da tambaya. A samo katako mai tsawon mita 2, a ɗaga kansa ɗaya a ɗora a kan littattafai, ya zama gangara. A saman gangarar a ajiye ƙwallaye biyu masu girma ɗaya. Na farko na gilashi ne, irin wanda yara ke wasa da shi, bai fi girman magarya ba. Na biyu na ƙarfe ne, irin wanda ake cirowa daga cikin boris, kuma ya ninka na gilashin nauyi kusan sau uku. A sake su lokaci guda. Wanne zai riga isa ƙasa?

Yawancinmu za mu ce na ƙarfe, tunda ya fi nauyi. To, ba haka abin yake ba. Kusan tare za su iso. Kuma ba sai kun yarda da maganarmu ba, domin katako da ƙwallaye ba su fi ƙarfin kowa ba. Ku gwada da kanku, gani ya kori ji.

Mun kawo wannan tambaya ne saboda wata matsala da muka daɗe muna gani a makarantunmu. Ɗalibi zai haddace ƙa'idojin motsi tsaf, ya zuba su a takardar jarrabawa, amma a tsayar da shi gaban gangara a ce ya faɗi abin da zai faru, sai ya yi shiru. Makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, wasu kuma suna da ɗakin amma babu kayan aiki. Daga nan sai ɗalibi ya yanke wa kansa hukunci cewa Fiziks dodo ne, ya gudu daga ajin kimiyya, alhali wataƙila shi ne injiniyan da garinsu ke jira. Ga kuma jarrabawar WAEC da NECO, inda ake buƙatar ɗalibi ya auna abu da hannunsa, ya cike jadawali, ya zana giraf, ya bayyana matakan da ya bi don kauce wa kuskure. Wanda bai taɓa auna komai ba sai ranar jarrabawa, da wuya hannunsa ya ƙi rawa.

Akwai ɗakin gwaje-gwajen da kowa zai iya ginawa a tsakar gida da tsohon kwali. Mun kira shi titin ƙwallo. Hanya ce da ake haɗawa da guntayen indararo na kwali, ko gora da aka tsaga biyu, ko tiyo, a jera su daga sama zuwa ƙasa, a saki ƙwallo ya gangaro yana lanƙwasa, yana tsalle, yana faɗawa daga wannan hawa zuwa wancan har ya isa inda aka nufa. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani yana da hannun yin wannan aiki. Babban amfaninsa shi ne ƙwallo ba ya ƙarya kuma ba ya jin kunyar kowa. In tunaninka daidai ne zai isa, in akwai kuskure zai faɗo a daidai inda kuskuren yake.

Gangarar da ta canza tarihin kimiyya

Kada ku raina gangara da ƙwallo. Da su Galileo Galilei, masanin ƙasar Italiya da aka haifa a 1564 ya rasu a 1642, ya gano yadda abubuwa ke faɗowa. Matsalarsa ita ce sauri. Dutsen da aka saki daga tsayin mita 2 ba ya kai sakan ɗaya kafin ya taɓa ƙasa, kuma a zamaninsa babu agogon da zai iya auna ɗan lokaci irin wannan. Sai ya yi dabara: ya rage wa faɗuwar sauri ta hanyar kwantar da ita a kan gangara.

A littafinsa da aka buga a 1638 ya bayyana yadda ya yi. Ya samo katako mai tsawon kimanin kamu 12, ya sassaƙa siririyar kwata a tsawonsa, ya lulluɓe ta da fata mai santsi, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla. A maimakon agogo, ya rataye babban mazubin ruwa mai siririn bututu. Yana sakin ƙwallo sai ya buɗe ruwa ya zuba a kofi, ƙwallo na isa sai ya toshe, sannan ya auna nauyin ruwan a sikeli. Ruwa mai yawa lokaci mai tsawo ke nan. Ya ce ya maimaita gwajin har sau ɗari.

Abin da ya gano shi ne ƙwallo ba ya tafiya da sauri iri ɗaya, ƙara sauri yake yi bisa tsari. In ya ci taku 1 a lokaci na farko, zai ci taku 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. Ku tara su ku gani: 1, 4, 9, 16. Wato in lokaci ya ninka biyu, nisa zai ninka huɗu, in lokaci ya ninka uku, nisa zai ninka tara. Wannan ita ce ƙa'idar da ke cikin littafinku na aji huɗu, wadda ake rubutawa s = ½at².

Ku ma za ku iya ganinta da idonku. Ku ɗaga kan katakon nan mai mita 2 da santimita 10 kacal. Lissafi ya nuna ƙwallon zai ɗauki kimanin sakan uku da rabi kafin ya kai ƙarshe. Yanzu ku sake shi daga inda ya rage santimita 50, wato rubu'in tsawon. Hankali zai ce muku rubu'in lokaci zai ɗauka. Agogon waya zai nuna muku rabi ne. Ku maimaita sau biyar, ku rubuta kowane sakamako, ku fitar da matsakaici. Za ku lura alƙaluman ba sa zuwa daidai da juna, domin yatsan ɗan Adam yana jinkirin kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin ya danna agogo. Shi ya sa masana ke maimaita awo, kuma shi ya sa gangara mai sauƙi ta fi mai tsauri daɗin aunawa.

Mu koma kan tambayarmu ta farko. Me ya sa na ƙarfe bai riga na gilashi ba? Gaskiya ne ƙasa tana janyo mai nauyi da ƙarfi fiye da marar nauyi, amma kuma mai nauyin ya fi wuyar turawa, kamar yadda baro cike da bulo ya fi baro wayam wuyar motsawa. Ƙarin janyowar da ƙarin wuyar turawar sai su kashe juna. Wani abin lura kuma, wannan janyowa ta ƙasa ba maganaɗisu ba ce, ko da yake wasu na kiranta haka. Maganaɗisu ba ya kama gilashi, amma ƙasa tana janyo gilashi da ƙarfe da auduga baki ɗaya.

Idan kuna son ganin bambanci, ku kawo ƙwallon tebur, wanda cikinsa iska ce. Shi kam za a bar shi a baya, domin duk nauyinsa yana jikin ɓawonsa, saboda haka kaso mafi yawa na ƙarfinsa yana tafiya wajen juyawa, ga kuma iska tana tare shi.

Tsayi ajiya ne

Darasi na biyu yakan zo da kansa ranar da kuka yi ƙoƙarin sa ƙwallo ya hau tudu. Ku lanƙwasa tiyo ko kwali ya yi kwari kamar ƙwarya. Ku saki ƙwallo daga baki ɗaya. Zai sauka ya hau ɗaya ɓangaren, amma ba zai taɓa kai tsayin inda ya taso ba, balle ya wuce. Ko sau dubu kuka gwada haka za ku gani.

Dalili shi ne lokacin da ka ɗaga ƙwallo sama, ka yi masa ajiyar makamashi, kamar wanda ya zuba kuɗi a asusu. Yana gangarowa yana cire ajiyar yana mayar da ita gudu. Yana hawa tudu yana mayar da gudun ajiya. Ba zai iya kashe abin da ba a ajiye masa ba. Sannan a kan hanya akwai mai karɓar haraji, wato gogayya tsakanin ƙwallo da titi da iska. Ƙarar da kuke ji yayin da yake gangarowa ma wani ɓangare ne na makamashin da ya fita. Bai ɓace ba, ya dai koma sauti da ɗan ɗumi.

Ga gwajin da zai tabbatar muku. Ku kafa gangara a kan tebur yadda ƙwallo zai ɗan yi tafiya a miƙe sannan ya fice ta bakin teburin. A ƙasa ku shimfiɗa rairayi don ya nuna inda ya sauka. Ku sake shi daga tsayin santimita 5, ku auna nisan da ya yi. Ku sake shi daga santimita 20. Tsayi ya ninka huɗu, amma nisan zai ninka kusan biyu ne kawai. A nan akwai darasin da ya shafi rai. In ninka gudu biyu yana buƙatar makamashi ninki huɗu, to babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana ɗauke da makamashi ninki huɗu na wanda ke gudun 30, kuma tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsayar da shi ita ma kusan ninki huɗu ce.

Masu son burgewa sukan naɗe titin ya yi zobe, ƙwallo ya zagaya ta ciki har ya yi kansa a ƙasa bai faɗo ba. Wannan ma yana da lissafi. In faɗin zoben santimita 20 ne, wato daga tsakiyarsa zuwa baki santimita 10, sai an saki ƙwallon daga tsayin kusan santimita 27 ko fiye, kuma a aikace sai an ƙara saboda harajin gogayya. Ku fara daga ƙasa kuna ƙara tsayi kaɗan-kaɗan har ku gano inda ya fara zagayawa, ku kwatanta da abin da lissafi ya faɗa.

Wannan ajiya ta tsayi ita ce ke kawo wuta gidajenmu. Madatsar ruwa ta Kainji da ke Jihar Neja, wadda aka kammala a 1968, aikinta shi ne tare ruwan Kogin Kwara ya taru ya yi tsayi, sannan a sako shi ya juya injuna. Haka madatsar Tiga a Jihar Kano, wadda aka gina a farkon shekarun 1970: ruwanta yana gangarawa da kansa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura. Injiniyan da ya tsara waɗannan magudanai ya fuskanci tambayar da ke gaban mai titin ƙwallo. In gangara ta yi tsauri, ruwa zai zaizaye hanya. In ta kwanta da yawa, ruwa zai tsaya laka ta taru.

Gajeriyar hanya ba ita ce mafi sauri ba

A 1696 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Bernoulli, ya jefa wa masanan Turai ƙalubale. Ga wuri a sama, ga wani a ƙasa can gefe. Wace irin hanya ce abu zai bi ya gangara daga na saman zuwa na ƙasan a mafi ƙanƙancin lokaci? An darasta mana cewa miƙaƙƙen layi shi ne mafi gajarta tsakanin wurare biyu, saboda haka da yawa za su zaɓe shi. Tambayar ta isa hannun Isaac Newton a Ingila a watan Janairun 1697, ya warware ta a dare ɗaya, ya aika da amsar ba tare da sa sunansa ba.

Amsar ita ce lanƙwasasshiyar hanya da ke fara zurmawa ƙasa da tsauri sannan ta kwanta. Ta fi miƙaƙƙiyar tsawo, amma ƙwallon da ya bi ta yana samun gudunsa tun da wuri, ya ci sauran tafiyar da wannan gudu. Kuna iya zana siffarta. Ku ɗaura alli a bakin tayar keke, ku gara ta a jikin bango. Bakan da allin ya zana, in aka kifar da shi, shi ne hanyar. Ku yanka tiyo biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, su tashi wuri ɗaya su ƙare wuri ɗaya. Kafin a saki ƙwallaye, kowa a aji ya rubuta wanda yake zaton zai ci. Rubuta zato kafin gwaji shi ne abin da ya raba mai bincike da ɗan kallo.

Agogon giwa da sirrin aikin injiniya

Ba a Turai aka fara sa ƙwallo aiki ba. A 1206 injiniya Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar sarakunan Diyarbakir da ke Turkiyya ta yau, ya kammala littafi mai bayanin na'urori 50 da zanensu. Mafi shahara a cikinsu shi ne agogon giwa. A cikin giwar akwai tankin ruwa, a kan ruwan akwai tasa mai ɗan huji a gindi. Tasar tana cika a hankali, ta nutse cikin rabin awa. Tana nutsewa sai ta ja igiya, igiyar ta saki ƙwallon ƙarfe daga hasumiyar da ke saman giwar. Ƙwallon ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin, sunkuyawar ta ja tasar ta dawo sama, mutum-mutumin da ke kan wuyan giwar ya yi bugu a ji rabin awa ta cika. Sai komai ya sake daga farko. Akwai babban kwafin wannan agogo a kasuwar zamani ta Ibn Battuta da ke Dubai.

Ku lura da abin da ya fi wuya a agogon al-Jazari. Kowane mataki ya dogara da wanda ya gabace shi, kuma dole su yi aiki kowace rabin awa ba fashi. A nan ne kimiyya ke miƙa wa injiniyanci ragama. Masanin kimiyya yana tambayar me ya sa abu ke faruwa. Injiniya yana tambayar yaya zan sa ya faru kullum, da kayan da nake da su, da kuɗin da ke hannuna.

Mu yi ɗan lissafi. A ce titinku yana da mahaɗa 10, kuma a kowace mahaɗa ƙwallo yana wucewa lafiya sau 9 cikin 10. Ka ji kamar aiki ya yi kyau, ai wanda ya ci 90 a jarrabawa gwani ne. Amma ku ninka 0.9 da kansa sau goma, za ku samu kimanin 0.35. Wato cikin gwaji 100, sau 35 kacal ƙwallon zai kai ƙarshe. In kuka gyara kowace mahaɗa ta koma 99 cikin 100, sai nasarar dukkan titin ta haura zuwa kimanin 90. Wannan ne ya sa masu ƙera jirgin sama da masu haɗa na'urorin asibiti ba sa yarda da kalmar "ai da dama-dama". Ƙananan sakaci in suka jeru, babbar asara suke haifarwa.

Saboda haka titin ƙwallo ke koyar da ɗabi'un da injiniya ke rayuwa da su. Na farko, a gano takamaiman inda matsala take. "Ba ya aiki" ba bayani ba ne. "Yana ficewa a kwana ta uku sau huɗu cikin goma" shi ne bayani. Na biyu, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka ƙara tsayin bango, ka rage gangara, ka kuma sauya ƙwallo duk a tashi ɗaya, ko ya gyaru ba za ka san wanne ya gyara shi ba. Na uku, a rubuta. Na huɗu, kada faɗuwar ƙwallo ta zama abin kunya, domin kowace faɗuwa labari take ba ka.

Ita kwanar nan ta uku ma malama ce. Ƙwallo yana ficewa ne saboda duk abin da ke tafiya yana son ci gaba a miƙe, sai an samu abin da ya tilasta masa juyawa. Maganin shi ne a rage masa gudu kafin kwana, ko a faɗaɗa kwanar, ko a karkata titin yadda gefen waje zai fi na ciki tsayi. In kun hau babbar hanya ku duba kwanoninta masu kyau, za ku ga an ɗan karkata kwaltar haka.

Ƙusoshi, sa'a da ƙidaya

Masu son lissafi ma da rabonsu. Ku kafa ƙusoshi a jikin katako: ɗaya a layin farko, biyu a na biyu, uku a na uku, huɗu a na huɗu, kamar dala. A ƙasa ku yi ramuka biyar. Ku jingine katakon, ku riƙa sakin ƙwallo a kan ƙusar farko. A kowace ƙusa zai bi dama ko hagu, ba wanda zai iya faɗin inda zai ƙare. Amma ku sake shi sau 160 kuna ƙirgawa, za ku ga alƙaluman sun kusanci 10, 40, 60, 40, 10. Dalili kuwa, hanyoyi 16 ne daga sama zuwa ƙasa: shida suna kaiwa ramin tsakiya, ɗaya tak ke kaiwa kowane ramin gefe. Baturen Ingila Francis Galton ne ya ƙera irin wannan allo a shekarun 1870. Jerin 1, 4, 6, 4, 1 kuwa yana cikin dalar lambobin da ake jingina wa Pascal na Faransa, wadda al-Karaji ya riga ya bayyana a Bagadaza kusan shekara ta 1000. Ƙwallo ɗaya ba a san makomarsa ba, amma taron ƙwallaye yana da tsari. A kan wannan ilimin ƙididdiga ya ginu.

Haka kuma za ku iya yanka ɗan kwali ku soke shi da ƙusa a tsakiyar mararraba, yadda in ƙwallo ya wuce zai juya shi, na farko ya bi dama, na biyu ya bi hagu. Wannan ɗan kwali yana tuna abu ɗaya: dama ko hagu, 0 ko 1. Ku jera uku, kowanne yana miƙa wa na gaba ƙwallo ɗaya cikin biyu, kun samu na'urar da ke ƙirga daga 0 zuwa 7. Irin wannan ƙidaya ce ke gudana cikin kwamfuta da wayar hannu, sai dai can lantarki ne ke gudu a madadin gilashi.

Yadda za ku fara

Kayan aiki: babban kwali da zai zama bango, wasu kwalaye na yankawa, almakashi, gam ko salatif, rula, alli, gwangwani na tarar ƙwallo, agogon waya, da littafin rubutu. In ba a samu ƙwallon gilashi ba, bakanike ko mai gyaran keke ba zai rasa tsohon boris ba.

Ku yanka kwali tsiri-tsiri, faɗin santimita 6, ku naɗe gefe biyu ya zama indararo. Ku jingine babban kwalin a bango. Ku fara daga sama, ku manna indararo ɗaya, ku gwada shi sau goma kafin ku ƙara na biyu. Wanda ya manna duka sannan ya gwada, shi ke kwana yana ɓamɓarewa.

Ku haɗu huɗu-huɗu, maza da mata kowa da ƙungiyarsa ko yadda makarantarku ta tsara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗaya ya zana, ɗaya ya yanka ya manna, ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya rubuta. Bayan kowane zagaye a yi musayar aiki, kada a bar wata ko wani da riƙon biro kullum.

A kiyaye abu uku. Ƙwallon gilashi yana iya shaƙe ƙaramin yaro, saboda haka a ƙirga su kafin wasa da bayansa, a ɓoye su nesa da ƙanne, musamman waɗanda ba su kai shekara uku ba. Kada a bar su a ƙasa wani ya taka ya zame. In za a yi amfani da reza ko guduma, a nemi babba ya tsaya a wurin.

Ga ƙalubalenmu na wannan mako. A kan kwali mai tsayin mita 1 da faɗin santimita 60, ku gina titin da ƙwallo zai fi daɗewa kafin ya faɗa gwangwani, ba tare da ya tsaya ko an taɓa shi ba. Sa ƙwallo gudu abu ne mai sauƙi. Riƙe shi yana tafiya sannu-sannu shi ne gwaninta, domin in gangara ta kwanta fiye da kima zai tsaya cak, in ta miƙe kuma zai fyalle. Sharaɗin shi ne ya yi nasara sau 8 cikin gwaji 10, kuma matsakaicin lokacin ne za a ƙirga.

Ku nemi malamin Fiziks ko na fasaha ya zama alƙali. Ku aiko mana da hoton titinku, da jadawalin lokutan gwaji goman, da bayanin mahaɗar da ta fi ba ku wahala da yadda kuka shawo kanta. Wannan bayani na ƙarshe shi za mu fara karantawa, kuma waɗanda suka fi gamsarwa za mu buga su a wannan shafi tare da sunan makarantunsu.